Fakara da salwa sun ƙaurace wa filinmu, ko in sayo na keji in zuba?

Manomin Galma: Salam jama'a. Muna da fili na gado a bakin kogin Galma, da can in kaka ta yi yayana yakan harbo fakara ko salwa mu sha romo, in mun kwana a gona ma kukansu ne ke tashinmu da asuba. Yau shekara 3 kenan sai dai ka ga ɗaya ko biyu. Na hana 'yan farauta shiga har sai da muka yi cacar baki da wasu samari masu karnuka amma shiru kake ji. Shine nake cewa ko in sayo salwar keji kamar 100 in sake su su hayayyafa?

Tsohon Maharbi: Kul ɗana, shaho da tunku kawai zaka yi wa walima. Ta keji bata san ɓuya ba bata san neman abinci ba, yawancinsu ko kwanci basa yi sai an kai ƙwan inji. Faɗa min gaskiya, kuna feshin maganin ciyawa? Gamban kan iyaka yana nan?

Manomin Galma: Wallahi Baba muna feshi duk damina, gamban kuma an yanke anyi zana, ragowar yara suka cinna wa wuta garin neman gafiya.

Ɗalibar Samaru: To ai Malam ka ba kanka amsa. A ƙasa suke ƙwai cikin ciyawa, in babu duhuwa ina zasu saka? Kuma 'yan tsakin a makonnin farko ƙwari suke ci, gara da ƙananan fara, in ka feshe ciyawa ƙwarin sun tafi kenan, ko an ƙyanƙyashe yunwa ce zata kashe su. A Amurka ma haka ta faru da wata salwarsu da ake kira bobwhite, ta ragu sosai tun shekarun 1960 saboda an share gonaki fes, kuma masu filayen farauta sun sha sakin na keji abin bai ɗore ba. A jihohin Florida da Jojiya na can masu filayen da kansu suke sa wuta amma yanki yanki, a ƙona nan bana a bar can sai baɗi. Ka bar gamba da geza a gefen gona ko taku goma ne, kar feshi ya taɓa wurin, in an girbe dawa a bar ɗan karan a tsaye.

Ɗan Dakace: Duk naji amma Hajiya fa filin ba katanga gareshi ba, ranar da shanu suka ratsa da rani gamban ya zama tarihi, ga yara masu ɗana tarko da kwashe ƙwai da damina. Ni dai shawarata ka fara zuwa gun mai unguwa da ardon wajen da ɗan goronka kafin komai.

Tsohon Maharbi: Kuma ka ce wa yayan naka ya rataye bindigar nan damina biyu tukuna.