A haɗe NBS da hukumar ƙidaya, ko kowa ya tsaya a layinsa?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Ni fa har gobe ina nan akan bakana, indai ba a haɗe hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS da hukumar ƙidaya NPC sun koma hukuma ɗaya ƙarƙashin mutum ɗaya ba to alƙaluman Najeriya ba zasu taɓa zama daidai ba. Ku ɗauki maganar yaran da basa zuwa makaranta kawai, an shekara da shekaru ana cewa miliyan 10.5, a 2022 UNESCO tace wajen miliyan 20, UNICEF kuma ta zo da miliyan 18.3, toh dan Allah wanne gwamna zai ɗauka ya san aji nawa zai gina? Wanda yake ganin ba haka ba bismillah

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Abu Hanan misalinka bai taimake ka ba gaskiya, domin UNESCO da UNICEF ai ba a ƙarƙashin NBS ko NPC suke ba, ko ka haɗe su yau waɗancan zasu cigaba da fitar da nasu. Sannan ba yara iri ɗaya ake ƙirgawa ba, miliyan 10.5 ɗin ta ƙananan yara ce 'yan ƙasa da shekara 15, ta UNESCO kuma ta kama daga ɗan shekara 6 har 18 wato harda na babbar sakandare. Abinda ya haɗa su duka shine kowa kaso yake samowa daga binciken gida gida sai ya ninka da yawan jama'a, shi kuma yawan jama'ar hasashe ne da ake ta ja tun daga ƙidayar 2006. Nan ciwon yake

Ɗan Zango:
Malam ka yi haƙuri amma ni ina bayan Abu Hanan. Nan Kumasi nake, a Ghana hukuma ɗaya ce take fitar da hauhawar farashi duk wata kuma ita take ƙidaya, sun yi a 2000, sun yi a 2010, sun yi a 2021 da kwamfutar hannu aka samu mutum miliyan 30.8, cikin 'yan watanni sakamakon farko ya fito. A Nijar ma hukumar ƙididdigarsu INS ce ta yi ta 2012 aka samu miliyan 17.1. Ku kuma kuna da hukuma guda sukutum da sunan ƙidaya amma tun 2006 shiru, ta 2023 an saka rana a watan Mayu sai aka ɗage ana saura 'yan kwanaki

Tsohon Ma'aikaci:
'Ya'yana ku bari in sa baki, a wannan fagen na yi furfura. Haɗe haɗen da kuke magana an taɓa yi, ita NBS ɗin kanta haɗaka ce, tsohon ofishin ƙididdiga na tarayya FOS ne aka haɗa da National Data Bank, aka yi mata doka a 2007. Kuma wannan dokar ta riga ta ce NBS ce uwar tafiya, ita zata tsara yadda ma'aikatu da jihohi zasu tara alƙaluma, akwai ma kwamitin tuntuɓa na ƙasa da ake zama da jihohi da ma'aikatu. To a takarda ba abinda ya rage.
NPC kuwa ba irin hukumar da shugaban ƙasa zai tashi da safe ya haɗe bace, tana cikin kundin tsarin mulki na 1999, kowace jiha da kwamishinanta harda Abuja, kafin ka taɓa ta sai kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da majalisun jihohi 24 sun yarda. Kuma ba haka kawai aka yi mata wannan katangar ba. Ta 1962 soke ta aka yi, ta 1963 da ta ba da miliyan 55.6 har kotu aka je, ta 1973 Murtala ya soke, ta 2006 da aka ce Kano miliyan 9.4 Legas miliyan 9.1 gwamnatin Legas ta ƙi yarda tace nata lissafin ya haura miliyan 17. Dalili kuɗi da kujera, yawan jama'a yana da kashi 30 cikin 100 a ma'aunin rabon kuɗi tsakanin jihohi, kuma dashi ake yanka mazaɓun majalisar wakilai. Idan ka ɗauki wannan rigimar ka kai ta NBS, gwamnonin da yau basu damu da waye shugaban ƙididdiga ba gobe kowa zai ce sai ɗan yankinsa, daga nan lissafin farashin gero da man fetur ma ya zama na ɓangaranci

Abu Hanan:
Baba Allah ya ƙara girma, na ji tarihin. Amma katangar me ta hana? da kwamishinoni 37 ɗin ma ai an yi rigimar 2006

Hajiyar Kwari:
Ni dai ku yi ta haɗewa ku yi ta rabawa, NBS ɗin ce ma ban yarda da ita ba wlh. A ƙarshen 2020 suka ce marasa aikin yi kashi 33.3 ne, a 2023 muka wayi gari wai 4.1, ina aikin ya fito? yaran unguwarmu masu digiri suna nan a dakali. Haka a Disambar 2024 hauhawar farashi kashi 34.80, Janairun 2025 wai 24.48, ni da nake sarin kaya ban ga dilar da ta sauko ba. Jiki magayi ne Malam

Malamin Lissafi:
Hajiya kina da gaskiya a fushinki, amma ba ƙarya suka shirga ba, mudun aka canza. A da duk wanda bai yi aikin awa 20 a sati ba sai a sa shi cikin marasa aiki. Sabon tsarin na ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ne, in kayi aikin awa ɗaya a cikin sati dan samun kuɗi ko riba to kana da aiki. Wato yaron da yake zaune a dakalin, in ranar Laraba ya taya wani sauke katan a bakin kasuwa aka bashi ɗari biyar, a littafi ma'aikaci ne. Da wannan ma'aunin ƙasashe matalauta da yawa suke fitowa da ƙaramar lamba, saboda talaka bashi da halin zama haka nan. A cikin rahoton nan ɗin dai sun faɗi cewa sama da kashi 90 na masu aikin buga buga suke ba albashi ba fansho, wannan ce lambar da ya kamata ta hau kanun labarai.
Na farashi kuma shekarar da ake gwadawa da ita aka matso daga 2009 zuwa 2024 aka sabunta jerin kayan da ake bin farashinsu, kuma dole ne a yi, a 2009 wa yake sayen data kamar yanzu? Sannan 24 ɗin ba tana nufin kaya sun sauko ba, tana nufin sun ƙaru da kashi 24 akan bara. Inda nake ganin laifinsu shine ya kamata su ɗau lokaci suna fitar da tsohon lissafi da sabo gefe da gefe, su shiga rediyo da Hausa da Yarbanci da Igbo su yi bayani kafin 'yan siyasa su ɗauka suna tallan nasara da ita

Hajiyar Kwari:
Toh ai kaji, su suka bar mu a duhu. Amma lokacin da suka ce mutum miliyan 133 na cikin talauci a 2022 ban ji wanda ya ƙaryata ba a kasuwa

Tsohon Ma'aikaci:
Hajiya wannan magana taki ita ce hujjata. Hukumar da ta fitar da 4.1 ita ta fitar da miliyan 133, ita ta ce Sakkwato kashi 91, gwamnatin lokacin ba ta ji daɗi ba amma aka buga. Ɗan 'yancin nan da ya rage shi nake tsoron a rasa

Maman Khalil:
Ku duk a Abuja kuke muhawarar, ku zo ku ga inda lambar take fitowa. Ni a ɗakin rajista nake a wani ƙaramin asibiti na karkara. Gabana akwai littafin awon ciki, littafin haihuwa, littafin rigakafi, na zazzaɓin cizon sauro, na tamowa, kowanne da faɗinsa kamar ya rufe tebur, ƙarshen wata in zauna da biro da ruler in tattara su a fom ɗin wata a kai ƙaramar hukuma a shigar a kwamfuta. Bayan wannan duk ƙungiyar da ta kawo tallafi da nata fom ɗin, yaro ɗaya sai in rubuta shi a wuri uku da tambayoyi kusan iri ɗaya. Matar da ta haihu a gida kuma, kuma sune suka fi yawa a wajenmu, bata cikin littafina sai in ta kawo shi allura. Mai takardar haihuwa shi ma littafinsa daban, ba a taɓa zama an gwada nasa da nawa ba.
Abinda yafi ci min rai shine adadin yaran da ake ce mana sune a yankinmu, daga sama ake turo shi an lissafo daga 2006. Tun daga lokacin ƙauyuka nawa suka watse saboda 'yan bindiga suka dawo gefenmu? Sai kaga mun yi wa yara allura lissafi ya nuna kashi 130 cikin 100, wani asibitin da mutanensa suka gudu ya nuna 40 a ce basa aiki, kuma da wannan ake rabon allurar da maganin. Wata na ƙarewa tamu ta ƙare tasu tana lalacewa a firji

Abu Hanan:
Allah sarki Maman Khalil, ai wannan ni kika taya. Mai takardar haihuwa na wata hukuma, ke ta wata ma'aikata, mai binciken gida gida na wata. Binciken lafiya NDHS da hannun NPC ake yi, binciken halin mata da yara MICS kuma NBS da UNICEF, tambayoyin mace macen yara da rigakafi duk suna maimaituwa, kuɗi biyu mota biyu

Maman Khalil:
A'a Yaya ban taya ka ba. Ko an haɗe su a sama ni ma'aikaciyar jiha ce, malamin makaranta mai cika fom ɗin ƙidayar ɗalibai ma haka, ba Abuja ke biyanmu ba. Fom ɗaya nake so da ma'ana ɗaya, kuma in na aika wani ya dawo ya ce min ga abinda lambar ta nuna

Injiniya Ƙarami:
Ni kuma ina ga duk tsohon yayi ne wannan. NIN ta haura mutum miliyan 100, INEC tana da miliyan 93 a rajistar 2023, ga BVN ga layukan waya. Denmark tun 1981 basa bin gida gida, daga rajistocinsu suke fitar da ƙidaya. A haɗa rumbunan nan kawai a huta da biliyoyin ƙidaya

Malamin Lissafi:
Ƙanina Denmark duk wanda aka haifa ko ya mutu ko ya canza gida sai an rubuta, shi yasa. Mu wa yake zuwa ya kai rahoton mutuwa? an yi wanka an yi sallah an kai makwanci shikenan, sunansa na nan a rajistar zaɓe. NIN kuma bata gaya maka inda mutum yake kwana yau, wanda ya yi a Gusau yana iya yiwuwa yana Agege, kuma ƙananan yara da matan karkara sune suka fi ƙaranci a ciki, su kuma ake nema a lissafin aji da allura. Hanya ce mai kyau amma sai an yi ƙidaya ta gaske tukun an samu abin gwadawa

Tsohon Ma'aikaci:
Kuma ku ƙara da kuɗi, wanda ba wanda ya taɓo. Manyan binciken nan akasari da tallafin Bankin Duniya da su UNICEF ake yi, mai kuɗin shi yake zaɓar abinda za a ƙirga da lokacin. Ƙidayar noma sai 2022 aka sake tun ta farkon shekarun 1990, a ƙasar da noma ke ci da mafi yawan gidaje. GDP ma, wato jimlar abinda ƙasa ke samarwa a shekara, da ma'aunin shekarar 1990 aka riƙa auna shi har 2014, ranar da aka gyara sai gashi ya tashi zuwa wajen dala biliyan 510 muka wuce Afirka ta Kudu, ba dan an samu arziki a dare ɗaya ba sai dan an daɗe ba a ƙirga harkar waya da finafinai yadda ya kamata. Da ni ake tambaya, a ba NBS kasonta kai tsaye yadda ba sai ta bi ofis ofis tana roƙo ba, a sa doka ta ƙayyade ƙidaya duk shekara goma yadda ba sai shugaban ƙasa ya ga dama ba, jihohi su riƙe ofisoshin ƙididdigarsu da gaske, Kaduna ta gwada tana binciken gidaje da ƙidayar makarantu da kanta

Abu Hanan:
Baba na yarda da maganar kuɗi da ta shekara goma. Amma uwar tafiyar da bata iya hukunta kowa fa? yau in babban sakataren wata ma'aikata ya ƙi ba da alƙalumansa ko ya fitar da nasa daban me NBS zata yi masa? Shi yasa nake cewa a tara ƙarfin wuri ɗaya

Tsohon Ma'aikaci:
Wannan ba sai an taɓa kundin tsarin mulki ba ɗana. Ma'aikatar kasafi ce take da sandar, ta ce duk ma'aikatar da bata miƙa alƙalumanta na bara akan ma'aunin NBS ba ba za a saki kuɗin ayyukanta ba, gwamna ma ya yi haka ga ƙananan hukumominsa. Wata uku ya isa kaga fom na tafiya

Maman Khalil:
In za a yi hakan dan Allah a fara turo mana littattafan da ma'aikaci na biyu tukun, in ba haka ba mutane zasu zauna ƙarshen wata su cike gurbi da ka dan kar a riƙe kuɗi, kuma a haka zai wuce har Abuja