Me za mu kira "thru-hike" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan ina juya wata kalma a raina, na ga gara in kawo ta nan mu yi mata taron dangi. Kalmar ita ce "thru-hike". Amurkawa na faɗin ta idan mutum ya ɗauki doguwar hanyar daji da ƙafa, tun daga bakinta har inda ta ƙare, cikin shekara guda.

Sai an ga girman abin kafin a san irin sunan da zai iya ɗaukarsa. Misali, turbar Appalachian ta Amurka ta taso daga dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta dire a dutsen Katahdin a jihar Maine. Tsawonta kusan kilomita 3,500 ne, wato ya haura tafiyar Kano zuwa Legas sau uku, kuma akasarinta hawa ne da gangara. Mutum zai goya jakarsa da tantinsa da guzurinsa, ya yi wata 5 zuwa 7 a kan ƙafa. Cikin huɗu da suka tashi da niyyar gamawa, kusan ɗaya ne ke kaiwa.

Wani ɗan'uwa ya ce min "yawon daji". Ban yarda ba ko kaɗan. Mai yawo yana komawa gida in rana ta yi zafi, kuma mai jin Hausa zai ɗauka farauta ake nufi ko neman itace.

"Tattaki" ta fi kusa, ita ce ma ta fara zuwa min. Sai dai mun saba jin ta a labarai: tattakin lumana, ko matashin da ya tako daga wani gari don taya ɗan siyasa murna. Ta nuna an yi tafiya da ƙafa, ta nuna an sha wahala, amma ba ta ce an gama hanyar ba. Wanda ya yi kwana goma ya haƙura shi ma ya yi tattaki. Kalmar da muke nema kuwa duk nauyinta yana kan gamawar.

Irin gajiyar wannan tafiya ita ta sa nake nacewa. Makonnin farko ƙafa ke kuka: bororo a diddige, ciwon gwiwa, takalmi jiƙe da ruwan sama kwana da kwanaki. Daga baya jiki ya saba, sai yunwa ta karɓa, irin wadda mutum zai ci abincin mutum biyu in ya sauka gari amma yana ramewa. Mai kayar da mutane da yawa ita ce ta uku, gajiyar zuciya. Jihar Virginia kaɗai ta ɗauki fiye da kilomita 800 na turbar, har matafiyan sun laƙaba wa ƙuncin da ke kama su a can suna na musamman. Ƙafa lafiya lau, guzuri akwai, amma mutum ya farka da asuba ya dubi bishiyoyi iri ɗaya da na jiya da shekaranjiya, ya rasa dalilin ɗaure takalmi. Mu da ake ce wa "ina gajiya" mu amsa "ba gajiya" alhali mun gaji tiɓis, mun san wannan halin na ci gaba da tafiya jiki na cewa a'a.

Ku dubi Emma Gatewood. A 1955, tana da shekara 67, uwar 'ya'ya 11, ta gama turbar ita kaɗai cikin kwana 146, da takalmin yadi da buhu a kafaɗa. Kafin ita, Earl Shaffer, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi tasa a 1948, ya kuma maimaita a 1998 yana da shekara 79. Ba na son mu ba abin da waɗannan mutane suka yi sunan da za a iya ba wanda ya zaga bayan gari da yamma.

Ga shawarata: tattakin ƙure-turba. Mai yin sa kuma mai ƙure turba. Na ɗauki "turba" na bar "hanya" don kada a zaci titin mota ne. "Ƙure" kuwa tana nufin kaiwa inda babu sauran gaba. An yi min gyara cewa ƙure tana da wata ma'ana, ta a tsare mutum har ya rasa mafita. Gaskiya ne, ni kuma hakan ya ƙara min son ta, domin ukun nan cikin huɗu da suka koma gida ba su gama ba, turbar ce ta ƙure su.

Sauran kalmomin ba sai mun wahala ba, fatake sun bar mana gado tun zamanin da ayari ke shafe watanni a hanyar Gwanja neman goro. Wurin kwana zango ne, abincin hanya guzuri. Wanda ke yin turbar gutsure-gutsure, bana wani sashe baɗi wani, yana tattakin zango-zango. Ranar da matafiyi ya huta bai taka ko'ina ba, sai mu ce ya yini a zango.

Ku gwada ta a baki: "Ta ƙure turbar Appalachian a wata biyar." "Ya tashi tattakin ƙure-turba, gwiwa ta mayar da shi gida daga Virginia." A kunnena ta zauna. Malamai da iyayenmu na Sakkwato, Katsina da Damagaram, in akwai tsohuwar kalmar fatake ga wanda ya kai ƙarshen tafiya bai yanke ba, don Allah ku kawo ta, zan ajiye tawa in ɗauki taku.