Kakanmu tsohon sojan Burma ya rasu: me ya dace mu yi don tunawa da shi?

Jikar Saje, Zariya:

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa kakanmu rasuwa a watan jiya, yana gab da cika shekara ɗari. Ya yi yaƙin duniya na biyu a Burma (Myanmar ta yau), ya dawo da muƙamin saje, kuma da wannan sunan unguwa ta san shi har ya bar duniya.

Mu dai mun buɗe ido mun gan shi ne a aikin maƙabarta. Da an ce an yi rasuwa, ko da tsakar dare ne, zai ɗauki diga da shebur ya yi gaba, samari su bi bayansa. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma zama a bakin kabari yana nuna musu yadda za a daidaita 'yar ciki, ya miƙa sandarsa a auna tsawo da ita. Kafin damina ta faɗi shi ke tara matasa aikin gayya a yashe kwata da kwalbati. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, in ka miƙa masa ma ransa ne zai ɓaci.

Da muka buɗe adakarsa mun tarar da lamba mai siffar tauraro, da wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai hoton baƙin gizo-gizo, da takardar sallama wadda gara ta ci gefenta. Tambayata biyu ce. Me waɗannan kayan ke nufi? Sannan kawunmu yana so a haƙa rijiyar burtsatse da sunansa, ni kuma zuciyata ta fi karkata ga maƙabartar. Wanne ya fi?

Malamin Tarihi, Kano:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, ƙyallen nan ki riƙe shi da kyau. Gizo-gizo baƙi a kan ruwan ɗorawa tambarin Runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943 da sojojin Najeriya, Gold Coast (Ghana ta yau), Saliyo da Gambiya. An ɗebe su a jirgin ruwa, suka zagaya ta Afirka ta Kudu har Bombay a Indiya, daga nan aka shiga da su Burma. A 1944 sun fafata da sojojin Japan a kwarin kogin Kaladan. Wurin duwatsu ne da ƙungurmin daji, mota ba ta shiga, don haka a ka ake ɗaukar kaya, abinci da harsashi kuwa jirgin sama ke jefo musu da laima. Ita kuwa ƙanwarta, Runduna ta 82, ta ɗauki gammo da masu biyu a gicciye a matsayin tambarinta. Rundunonin biyu sun haɗu a garin Myohaung a watan Janairun 1945.

Akwai kuma wata birged ta 'yan Najeriya da aka cire daga Runduna ta 81 aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, masu kutsawa bayan abokan gaba. Tun da a Zariya kike, kin san barikin Chindit, to daga can sunan ya samo asali. Haka barikokin Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Dodan da Arakan a Legas, duk sunayen wurare ne a Burma. Muna wucewa ta gabansu kullum, yaranmu ba su san cewa kakanninsu ne suka zubar da jini a can ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Tauraron, idan ƙyallensa ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe, to Burma Star ce, lambar yabon da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Burma.

Tsohon Samanja, Kaduna:

Ɗiyata, Allah ya sa Saje ya huta. Ni a yaƙin basasa na shiga soja, kuma irinsu ne suka koya mana faretin farko. Da Hausa suke ba mu labari, don a zamaninsu Hausa ce harshen bariki, har Turawan hafsoshi sai sun koya. Wani samanjanmu yakan naɗe wando ya nuna mana tabon matsattsaku a ƙwaurinsa, ya ce da wutar sigari suke cire su, ruwa kuwa sai ya yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba.

Takardar sallamar ta fi lambar muhimmanci, domin lambar aikinsa tana jiki. Kada ku liƙe ta da gam, kada ku bari a manna mata leda da zafi. A ɗauki hotonta gaba da baya, a sa ta a busasshen ambulan. Ku je da kwafi ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, na jiharku ku sanar da su rasuwar. Duk ranar 15 ga Janairu ake bikin tunawa da mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma ya kamata a ambaci sunansa a addu'a.

Uwar Marayu, Funtuwa:

Allah ya gafarta masa. Ni na goyi bayanki a kan maƙabarta. Rijiya sadaka ce mai gudana, babu mai musu, amma mun ga burtsatse nawa da suka lalace bayan shekara biyu aka rasa mai gyara? Abin da Baba ya bari mutane ne da ya koya wa aiki. In ba a riƙe su yanzu ba, za su watse. Ku saya musu diga, shebur, baro da fitila mai caji, ku gyara makara, ku ajiye likkafani saboda marasa hali. In kawu ya dage a kan ruwa, to a haƙa rijiyar a cikin maƙabartar, ai masu haƙar kabari kullum cikin neman ruwan kwaɓa ƙasa suke, musamman da rani.

Jikar Saje, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba ƙyallen tauraron, kalolin da ka faɗa ne. Baba Samanja, ƙanena zai kai kwafin ranar Litinin in Allah ya kai mu. Na karanta wa kawu shawarar Hajiya, ya ce zai je ya ga mai unguwa da limami a kan wurin da za a haƙa. Abin da ya rage mana shi ne wanda zai riƙe makullin ɗakin kayan aiki, don samari biyu duk suna so. Wanda unguwarsu ke da kwamitin maƙabarta, don Allah ya gaya mana yadda suke zaɓen mai riƙe kaya.