Jawabi da Ka ko daga Takarda? Gardamar da ta Biyo Bayan Walima a Makka

Daren Alhamis aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta yaran unguwar Shara Mansur a wata istiraha, wato gidan taro na haya. Da safiyar Juma'a maganar ta tashi a zauren hirar ƙungiya na waya.

Ɗan Misfala: Jama'a a yi mini afuwa, abin na cina tun jiya. Minti 20 Baba Shugaba ya yi kansa a sunkuye yana karanta mana takarda, ko sau ɗaya bai ɗago ya dubi yaran da aka taru dominsu ba. Ni a wurina, duk shugaban da sai ya leƙa takarda kafin ya yi wa mutanensa magana, maganar ba tasa ba ce. Marigayi Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, idanunsa sun tafi a ƙarshen rayuwarsa, amma in ya buɗe baki ko tari ba ka ji a wurin.

Ɗalibin Madina: Yaya, anjima ka je Harami ka dubi hannun liman a kan mumbari. Takarda za ka gani. Mutumin da ya haddace izu 60, rashin iya magana ne ya sa shi riƙe ta?

Ɗan Misfala: To Muftin ƙasar nan fa, marigayi Shaikh Abdul'aziz Alus-Shaikh? Sama da shekara 30 yana huɗubar Arfa a Masallacin Namira, har zuwa 2015, kuma ba ya gani. Wace takarda ya riƙe?

Ɗalibin Madina: Kana tsammanin da safiyar Arfa yake fara tunanin abin da zai faɗa? Magana da ka daban, magana kara-zube daban. A Bukhari Sayyidina Umar ya ba da labarin ranar Saƙifa, ranar da sahabbai suka taru kan zaɓen halifa bayan wafatin Annabi (SAW), ya ce ya riga ya tsara wata magana a ransa wadda ta burge shi, yana so ya gabatar, sai Sayyidina Abubakar ya ce masa ya dakata. Ka ga ko Umar sai da ya shirya.

Ɗan Misfala: Ƙarasa mana, ƙanena! Ai cewa ya yi Abubakar ya tashi nan take, bai bar komai ba cikin abin da shi Umar ya tsara sai da ya faɗi irinsa ko wanda ya fi shi. Hujjar nan tawa ce ka ɗauko mini.

Ɗalibin Madina: Taka ce in akwai Abubakar a Shara Mansur.

Mai Tafinta: Ku bari wanda abin ke ci ya yi magana. Shekaru nake tsayawa tsakanin alhazai da Larabawa ina juya musu zance. Mai magana da ka sai ya ɗauko jumla, ya sake ta a hanya, ya shiga wata, ya dawo da karin maganar da ba ta da 'yar'uwa a Hausa, kai kuma kana gefe kana gumi. Yanzu huɗubar Arfa har da Hausa ake fassara ta kai tsaye. Ku sa kanku a matsayin mai wannan aiki, in mai huɗuba ya ga dama ya yi ta kewaye. Kun manta Gaddafi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2009? Minti 15 aka ware wa kowane shugaba, ya kwashe sama da 90. Tun ranar nake tausaya wa wanda aka ba fassararsa.

Malam na Jidda: Bari in ba kowannenku sanda ɗaya, daga mutum ɗaya, a shekara ɗaya. A watan Oktoban 2016 marigayi Buhari na tsaye kusa da Angela Merkel a Jamus, aka tambaye shi kan sukar da matarsa ta yi wa gwamnatinsa. Da ka ya amsa, ya ce ita ta kicin ce da falo da ɗaya ɗakin. Har yau ana tuna masa. Amma wata guda kafin nan takarda ce ta kunyata shi: ya karanta jawabi a Abuja, aka gano an kwafo wani sashe daga jawabin da Obama ya yi a 2008, har sai da fadarsa ta amsa laifi. Ni wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, don na farkon ko banza bakinsa ne.

Ɗan Misfala: Allah gafarta Malam, ai abin da nake faɗa ke nan. Wa ya rubuta wa Baba tasa?

Malama: Ni ba takardar ce ta dame ni ba, tsawonta ne. Hadisin Ammar a Muslim ya nuna tsawaita salla da gajarta huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Yara sun yi barci a kan kafet, shinkafa ta huce.

Baba Shugaba: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana na Misfala, da hannuna na rubuta ta, da ajami, dare biyu ina yi. Bara da ka na yi, kuka yi ta kabbara. A wancan daren na manta sunan wani dattijo da ya biya wa yara uku kuɗin makaranta, ga shi zaune a gabana. Wata huɗu bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Bana sunaye 31 ne, kowa da riyal ɗin da ya bayar. Kan da ya wuce shekara 70 ba ya riƙe wannan. Sunkuyawar kuma gilashina na manta a mota.

Ɗan Misfala: Tuba nake, Baba. Amma da ka ajiye ta bayan sunayen, ka dubi yaran ka yi musu addu'a da bakinka.

Baba Shugaba: Wannan na karɓa.

Inna ta Jarwal: Alhaji, tunda dare biyu ka yi kana rubutu, mu tara ne muka kwana a kan tukwane. A wane shafi muke?