Neman shawara: wata 14 ina jiran injin niƙa gahawa, yanzu kuma sun canza masa haƙora

Baban Amal, Abuja

Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa sa kuɗi a karo-karon nan na intanet, inda ake biyan kuɗin kaya tun ba a ƙera su ba.

Wata 14 ke nan da na sa dala 329 wa wani ƙaramin kamfani da ya ce zai ƙera injin niƙa gahawa na gida, mai aiki da lantarki. Zan sakaya sunansa. Alƙawarinsu wata shida ne. Abin da ya ja ni kuwa haƙoran injin ne, wato ƙarafan da ke niƙa ƙwayar: masu faɗi irin na faifai, milimita 64, aikin wani maƙeri a Italiya. Daga nan uzuri ya fara bin uzuri. Da farko jikin robar ne bai fito daidai ba, sai hutun sabuwar shekarar Sin, sai jiran takardar gwajin lantarki.

Makon jiya suka turo saƙo cewa sun rabu da maƙerin Italiya, za su sa nasu haƙoran da wata masana'anta a Sin za ta zuba musu, wai "ingancin ɗaya ne". Zaɓi biyu suka ba mu: ƙarin jiran wata uku, ko a mayar da kuɗi a cire kashi 10 cikin ɗari.

A yanzu da ƙaramin kofin bilenda nake niƙawa. Uwargida ta gaji da yajinta yana ƙanshin gahawa, ni ma na gaji da gahawata tana ɗanɗanon citta. Yawanci ta tacewa da takarda nake sha, ƙwayar Habasha da ta Ruwanda marar ƙuna sosai, amma ina da burin fara esfireso, wato gahawa mai ƙarfi da inji ke matsowa, nan gaba. In jira ne ko in karɓi kuɗina? Kuma canjin haƙoran nan abin damuwa ne, ko ni ne na cika zargi?

Ɗan Shayi

Dala 329 don niƙa gahawa? Ranka ya daɗe, turo min rabi in aiko maka da turmi da taɓarya gobe-gobe, har da wanda zai riƙa daka maka.

Injiniya, Guangzhou

Wa alaikumus salam Baban Amal. Ni ba mashayin gahawa ba ne, amma shekaruna da dama ina shiga masana'antu a nan, don haka zan yi magana kan jinkirin kawai.

Uzurorin nan uku da ka lissafa duk abin da ke faruwa ne da gaske. Samfurin da suka nuna muku a bidiyo guda ɗaya ne ko biyu, an yi shi da hannu, an zauna an gyara shi har ya yi kyau. Fitar da dubu uku masu kama da juna wani aiki ne daban. Ƙarfen da ake zuba roba a ciki kaɗai yakan ci makonni kafin a sassaƙa shi, kuma da wuya zubin farko ya fito ba gyara. Kowane gyara wasu makonnin ne. Sabuwar shekarar Sin kuma tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A takarda hutun gajere ne, amma a aikace masana'anta kan yi mako uku zuwa wata ba ta dawo daidai ba, don ma'aikata sun tafi garuruwansu, wasu ma ba sa dawowa. In an buɗe kuma, mai odar dubu ɗari ake fara yi wa aiki. Ƙaramin kamfani irin naku bayan layi yake.

Saboda haka wata 14 bai ba ni tsoro ba. Abin da zan duba shi ne yadda suke ba da labari. Mai aiki da gaske zai nuna hoton kayan a kan layin haɗawa, ya faɗi abin da ya lalace da ranar da za a sake gwadawa. Wanda kuɗi ya ƙare masa kuwa sai ka ga dogon rubutu na godiya da "mun kusa", ba hoto ko ɗaya. Koma ka karanta saƙonninsu na wata shida da suka wuce da wannan idon.

Anti Mai Gahawa, Manchester

Ƙanena, ba zargi ba ne. A injin niƙa, haƙora da yadda aka zaunar da su su ne injin, sauran duk riga ce. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san in farantin inji ya cinye, gari kan fito rabi tsaki rabi laushi. Haka gahawa take. Ƙurar da ta yi laushi fiye da kima tana toshe takardar tacewa ta kawo ɗaci, tsakin kuma ruwa bai gama jan abin da ke cikinsa ba sai ya kawo tsami. Abin da bilendarka ke yi maka ke nan, ga ɗaci ga tsami a kofi ɗaya.

Amma kada kalmar "Sin" ko "zubi" ta firgita ka. Timemore kamfanin Sin ne, 1Zpresso na Taiwan ne, kuma mutane na yaba niƙansu. Haƙoran injin Mahlkönig EK43, wanda manyan shagunan gahawa ke ji da shi, na zubi ne. Italiya ba tambarin albarka ba ce. Abin da ya dame ni a labarinka shi ne an canza zuciyar injin ana saura wata uku a fitar da shi, da jimla ɗaya tak ta bayani. Yaushe suka gwada sabbin? Wa ya ɗanɗana?

Ga misalai biyu da kowa a harkar nan ya sani. Injin Niche Zero na nan Ingila ya fito ta shafin karo-karo na Indiegogo a 2017. Ba su ƙirƙiri haƙora ba, sun ɗauko na Mazzer na Italiya, masu siffar mazurari, milimita 63, waɗanda aka riga aka sani a shaguna, suka gina injin a kansu. Wannan na cikin abin da ya sa mutane suka amince. Fellow Ode kuma ya fito ta Kickstarter, wani shafin karo-karon, a ƙarshen 2019, ya tara sama da dala miliyan ɗaya, da haƙoransu na kansu masu faɗi, milimita 64. Da ya isa hannun mutane a 2020, ƙorafin da ya fi yawa shi ne ba ya niƙa da laushin da ƙwaya marar ƙuna ke buƙata, wato irin wadda kake sha. Sai da suka sake haƙoran, suka kuma fitar da samfuri na biyu na injin a 2022. Kamfani ne da ya riga ya kafu, yana da kuɗin gyara kuskurensa. Naka fa?

Abin da ya ceci masu Ode na farko shi ne girman 64 ɗin nan ya zama gama-gari, ana iya cire haƙoran a sa na kamfanin SSP na Koriya ta Kudu. To ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su abu uku, kuma ka nemi amsa a rubuce. Sabbin haƙoran girmansu da ramukan kusoshinsu irin na gama-gari ne, har na wani kamfani zai shiga? An yanka su don tacewa ne ko don esfireso, tun da haƙori ɗaya da wuya ya ƙware a duka biyun? Sannan ta yaya suke auna daidaiton zaman haƙoran kafin inji ya bar masana'anta? Na ukun nan shi ne mutane ke mantawa. Haƙoran faifai in ɗaya ya karkace ko da kaurin gashi ne, gefe ɗaya na niƙa laushi ɗayan na barza, kuma ko haƙoran zinariya ka saka ba za su gyara wannan ba. Ka kuma sani na SSP ba araha ba ne, za su iya cin rabin kuɗin injin naka.

Malam Na Banki, Kaduna

Da izinin Injiniya, ni ban yarda a tsaya karanta hotuna ba. Baban Amal, karɓi kuɗinka.

Mutane na ɗaukar shafukan nan kamar kanti, alhali Kickstarter da bakinsu suke cewa su ba kanti ba ne. Ba saye ka yi ba, gudummawa ka bayar aka yi maka alƙawarin tukwici. In aikin ya rushe, shafin ba ya mayar da ko kwabo, tsakaninka ne da mai aikin. Kashi 10 da za su cire ma ba zalunci ba ne sosai: Kickstarter na ɗaukar kashi 5, masu sarrafa katin banki kuma kashi 3 zuwa 5, kuɗin da bai taɓa shiga hannun kamfanin ba.

Gaskiya ne yawanci kaya na zuwa, ko da a makare. CNN Money ta duba manyan ayyuka 50 na Kickstarter a 2012, ta tarar kashi 84 cikin ɗari sun saɓa ranar da suka sa. Binciken Ethan Mollick na Jami'ar Pennsylvania a 2015 kuma ya nuna kusan kashi 9 cikin ɗari ba sa kawo komai. To amma a cikin taran nan akwai ZPM, injin esfireso da ya nemi dala dubu 20 ya samu kusan dubu 370 a 2012, ya shafe shekaru yana ba da uzuri, a ƙarshe mafi yawan mutane ba su ga inji ba. Akwai Coolest Cooler, akwatin ajiye abin sha da sanyi, da ya tara dala miliyan 13 a 2014, ya rufe a 2019 da mutum wajen dubu 20 ba su samu nasu ba. Su ma duk suna turo hotuna.

Kamfanin da ya rabu da mai ba shi haƙora a wata na 14, a idona kuɗi ne ya fara yi masa ƙaranci. Tayin mayar da kuɗi yana nan ne muddin akwai abin mayarwa a asusu. Kuma kada ka dogara da cewa bankinka zai ƙwato maka, don ƙorafin kati yana da wa'adi, kai kuma ka daɗe da biya. Asarar dala 33 ta fi asarar 329 sauƙi.

Injiniya, Guangzhou

Malam, ban musa ba. Sai dai akwai wata fassarar: manyan maƙera kan sa mafi ƙarancin adadin da za su karɓi oda, ko su ce sai bayan wata shida. Ƙila gudun wani jinkirin ne ya sa suka canza. Kuma kamfanin da ya tsiyace ba ya fara tayin mayar da kuɗi da kansa. Amsar tambayoyin Anti ce za ta raba gardama.

Hajiya Umma, Omdurman

Ɗana, Ɗan Shayi da wasa ya faɗa amma akwai gaskiya a ciki. Mu nan jabana muke sha, a soya ƙwayar a kan gawayi, a daka a ƙaramin turmi, a dafa da citta, ba wanda ya taɓa tambayar milimita nawa ne. Amma tamu tafasawa ake yi, ga kayan ƙanshi da sukari suna rufe aibi. Taka ta takarda ba ta da mai rufa mata asiri, don haka na fahimce ka. Ni dai roƙona ka sakar wa baiwar Allah bilendarta tun yau, kada ka jira wata uku.

Abban Sadik, Kano

Wani abu da ba a taɓo ba: wane irin wuta ka zaɓa lokacin cike fom? In na Amurka ne, volt 120 ne, mu kuma 230 muke da shi, sai ka haɗa da taransifoma ko ka ƙona shi ranar farko. Ka tambayi kuɗin aikowa ma, da yawansu sai kaya sun tashi suke faɗa, ga kwastam na jiranka. In kuma ya zo da matsala, mayar da inji mai nauyin kilo huɗu ko biyar daga Abuja ba wasa ba ne.

Ni na hannu nake amfani da shi, mai haƙoran ƙarfe. Giram 18 na tacewa bai kai min minti ɗaya ba, kuma ba ruwana da NEPA. Ka nemi Kingrinder, Timemore ko 1Zpresso, ko Comandante na Jamus in aljihu ya yarda. Ka guji masu arahar nan masu haƙoran tangaran da sandar tsakiyarsu ke rawa, tsaki za su yi ta ba ka. Esfireso da hannu kam akwai gumi, wannan ba zan ɓoye maka ba.

Baban Amal, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tura musu tambayoyin Anti ranar Litinin, amsa ta zo jiya. Sun ce girman da ramukan na gama-gari ne, na wani kamfani zai shiga. Sun ce haƙoran "na kowane irin sha ne". Tambayar daidaito kuwa sun tsallake ta kamar ban yi ba, na sake turawa, shiru. Na kuma bi shawarar Injiniya na koma baya: hoton masana'anta na ƙarshe da suka sa wata biyar ke nan, kuma kwalaye ne kawai a ciki.

Na cike takardar mayar da kuɗi da safen nan, sun ce kwana 30. In injin ya fito kasuwa mutane suka gwada suka yaba, zan saya a lokacin ko da ya fi tsada. Abban Sadik, fom ɗin da na duba ashe 120 na zaɓa ban lura ba. Turo min sunan samfurin naka ta akwatin saƙo. Hajiya, an mayar da bilenda, an wanke ta da ruwan zafi sau biyu, amma an ce har yanzu yajin na ƙanshi.