Lasisin GPL: doka ce ko wa'azi?

Injiniya, Samaru: Jama'a, ƙanina ya ɗauko wata manhaja mai lasisin GPL (General Public License, lasisin da ke ba kowa damar ɗauka da gyara manhaja bisa sharuɗɗa), ya gyara ta, yana sayar wa makarantun kuɗi a Sabon Gari. Wata makaranta ta ce sai ya ba ta asalin kod ɗin, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi. Ni dai na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Bai sa hannu a kowace takarda ba, wa zai kai shi kotu?

Barista, Kongo: Yaya Injiniya, kada ka kai yaron nan ka baro. Ƙarfin GPL ba daga sa hannu yake ba, daga haƙƙin mallaka ne. Kod ɗin yana da masu shi. Sun ce ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka ga dama, amma duk wanda ka ba manhajar ka ba shi kod. In ya ce lasisin bai hau kansa ba, to da izinin wa yake rarraba kayan mutane? Dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare manhajar kwamfuta.

Mai gyaran waya, PZ: Ranka ya daɗe, an taɓa hukunta wani kuwa?

Barista, Kongo: Sosai. A 2004 kotu a Munich ta hana kamfanin Sitecom sayar da na'urorinsa sai ya cika sharuɗɗan, kuma Harald Welte, ɗaya daga cikin masu haƙƙin kod ɗin, shi ne ya kai ƙara. A 2006 kotun Frankfurt ta kama kamfanin D-Link da laifi. Kamfanin Cisco ma an maka shi a Amurka a 2008 kan kayansa na Linksys, ya yi sulhu a 2009.

Injiniya, Samaru: Duk ƙasashen waje ka lissafa. Hukuncin Jamus ba ya ɗaure alƙali a Kaduna.

Ɗalibar lauya, Tudun Wada: Nan kam Yaya yana da gaskiya, sai dai alƙali na iya duba shi don ƙarin haske. Abin da ke damuna daban ne, Malam. A Jamus ɗin hana rarrabawa aka yi, ba a fizge kod daga hannun kowa ba. Kuma mai haƙƙin ne ya kai ƙara. Makarantar Sabon Gari da wace ƙafa za ta tsaya?

Barista, Kongo: Tambaya ce mai nauyi, ko wanda ya sayi kaya na iya neman kod a kotu, ita ce ma tushen ƙarar da aka shigar da kamfanin talabijin na Vizio a Kalifoniya a 2021. Amma ranar da aka hana ƙanin Injiniya sayarwa, ina sana'ar? Ni abin da ya fi ci mini rai, kyauta ya samu gumin wasu. Ya miƙa kod ɗin, ya ci kuɗinsa a girkawa, gyara da horar da malamai.

Injiniya, Samaru: In ya miƙa, gobe wani ya kwafe ya karya farashi fa?

Barista, Kongo: Lasisin ya yarda da haka. Ta wannan ƙofar shi ma ya shigo.