Musayar Waƙa: Macmillan da Iskar Sauyi

Alƙalamin Zazzau:

Da sunan Allah na buɗe fage, ku matso kusa 'yan'uwa,
Harold Macmillan na Ingila za mu ɗora a sikeli don aunawa.
Churchill ya ba shi ma'aikatar gidaje a 1951, kaya mai wuyar ɗaukawa,
Gida dubu 300 duk shekara jam'iyyarsu ta yi alkawarin ginawa.
Katako sai da dala, dala kuwa ta yi ƙaranci a hannun Turawa,
Sai ya rage faɗin ɗakuna, ya saki lasisi ga magina masu nemawa.
A 1953 adadin ya cika har ya haura, ba mai musantawa.

Hajiyar Damagaram:

Malam, gini ya yi kyau, amma ka tsallake zancen yaƙi,
Da Nasir na Masar ya karɓe mashigin Suwes a 1956, wa ya zuga firaminista Eden ya faɗa ciki?
Shi ne, yana ministan kuɗi, a hannunsa makullin banki.
Fam ya fara zubewa, Amurka ta tare rancen IMF, ta toshe baki,
Wanda ya ce a afka, shi ya riga kowa cewa a taka birki.
6 ga Nuwamba aka tsagaita wuta, ciwo ya ci Eden ya ajiye aiki,
10 ga Janairun 1957 Macmillan ya sha gaban abokin takararsa Butler ya hau mulki.

Ɗan Zangon Kumasi:

Hajiya, Suwes ce ta koya masa lissafi, kin faɗi gaskiya,
Yana hawa ya sa a ƙirga riba da asarar ƙasashen da ke hannun Birtaniya.
Sai ga Maris 1959, sansanin Hola a ƙasar Kenya,
Fursunoni 11 aka kashe da kulki, aka ce ruwa suka sha, kai, ƙarya!
Ya ci zaɓen Oktoba da rinjayen kujeru 100, ya naɗa Iain Macleod ministan ƙasashen mallaka ya share hanya.
A Accra ya fara ambaton iskar sauyi, wato neman 'yanci a Afirka, Janairun 1960, ba ta shiga kunnen duniya,
Sai 3 ga Fabrairu a Cape Town, gaban Verwoerd firaministan Afirka ta Kudu, maganar ta soki zuciya.
1 ga Oktoba tutar Ingila ta sauka a Legas, Tafawa Ɓalewa ya riƙe Najeriya.

Hajiyar Damagaram:

Ɗana, ranar tun taron Landan na 1958 aka tsayar da ita,
Sardauna da Zik da Awolowo suka zauna suka nema, iska ta tarar an shata.

Malamin Sakkwato:

Ku bar ni da gangara, don na bi ta tun daga bisa.
Selwyn Lloyd, ministan kuɗi, ya daskarar da ƙarin albashi a 1961, ma'aikata suka fusata a ƙasa,
Kujerar mazaɓar Orpington ta suɓuce wa jam'iyya a Maris 1962, tsoro ya shige shi har ƙasusuwansa.
13 ga Yuli ya kori ministoci 7 a rana ɗaya, har da Lloyd na kusa,
Jama'a suka karanta firgici, ya rage amintattu da hannunsa.
Tun 1961 ya nemi shiga kasuwar Turai, Janairun 1963 de Gaulle ya rufe ƙofa daga Faransa.
Profumo, ministan yaƙi, ya yi ƙarya kan alaƙarsa da wata budurwa, Christine Keeler, a zauren majalisa,
Macmillan ya gaskata shi ba bincike, Yuni ta tona, kunya ta hau kansa.
Oktoba tiyata ta kwantar da shi, Sarauniya ta je asibiti har gefen gadonsa,
Ya ba ta sunan Lord Home ya gaje shi, Butler ya sake rasa kujerar a gaban idonsa.